Gaz ɗin Majo da Itacen Jego

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da waɗanda ya kamata in riƙe, amma ranar sunan ɗiyata ta fari kam ba zan taɓa mantawa da ita ba. Ba don ban yi ƙoƙari ba. Mutanen unguwarmu a Tawa ne suka rantse ba za su bar ni ba, don har yau, da furfurata da jikokina, in na shiga taron suna sai wani tsoho ya matsa mini wuri a tabarma ya ce, "Mushe, zauna nan, ko shayi za ka dafa muna?" Sai a fashe da dariya. Yaran yanzu ba su san mafarin maganar ba. To gara su ji daga bakina kafin a ƙara mata gishiri.

Lokacin sojoji ke mulki, ga fari ya kama ƙasa, mutanen arewa na ta kwararowa bakin gari da 'yan tarkacensu. Ni kuwa matashin ma'aikaci ne a wani biro, wato ofis, na gwamnati, aikina karɓar takardu da karanta wa mutane abin da ke ciki. Shi ya sa ake kira na Mushe, wato Malam da Faransanci. Alƙalami uku a aljihun gaba (ɗaya ne kawai ke rubutu), tabarau a kan hanci alhali idona garau yake. In mutumin ƙauye ya zo da takarda, sai na karanta ta da Faransanci da ƙarfi tukuna don ya ji nauyinta, sannan in fassara masa. Kuma ba na sallamar mutum sai na yi masa huɗubata: "Ba a dangwala hannu a takardar da ba a san abin da ke cikinta ba! Wannan jahilcin ne ya hana mu ci gaba." Na faɗa wa dattawan da suka yi jika da ni wannan magana, suna tsugune ina kan kujera. Ku riƙe ta, za mu dawo kanta.

Kafin farin ya tsananta kawuna ya matsa mini in sayar da 'yan shanun da na gada. Na sayar ina gunaguni, da shanun mutane suka fara faɗuwa kuma sai na koma ba da labari kamar dabarata ce. Da kuɗin shanun na sayi gida a hannun wani tsohon ma'aikacin jinya ɗan Dahome da kowa ke kira Majo, wanda ya gama aiki zai koma ƙasarsu. Gidan ƙasa ne irin na kowa, ɗaki uku da zaure. Abin da ya tafi da hankalina wani ɗan ɗaki ne a kusurwa, shafe da siminti. A ciki akwai risho mai kai biyu a kan ƙafafun ƙarfe, da tulunan ƙarfe biyu na gaz, waɗanda ake ce wa butali. Majo ya murɗa wani abu, ya ƙyasta ashana, sai ga wuta shuɗiya ta tashi, ba hayaƙi, ba toka, ba hurawa. Jama'a, a wancan zamanin sai a gidan Bature ko babban soja ake ganin wannan abu. Daga nan ban ƙara duban rufi ko katanga ba. Da ya ce mini ɗakin baya na yoyo ma ban ji ba.

Ranar da muka gama ciniki gaban shaidu ya miƙo mini takardun gida, sannan ya zaro wata takarda ruwan ɗorawa, daban. Ya ce, da Hausarsa ta 'yan kudu, "Mushe, wannan na gaz ne. Kwantiragi ne da mai depo, inda ake sayar da gaz. Ka karanta shi da kyau, akwai wani wuri da..."

Na ɗaga masa hannu. Ni za a ce wa in karanta takarda? Na ce, "Majo, takarda ai aikina ce."

Ya dube ni, ya yi ɗan murmushi, ya ce, "To, Mushe."

Da muka tare sai na lura rishon na da gurguwar ƙafa ɗaya, in an ɗora tukunya sai ya dinga rawa. Na lalubi aljihu, na ji takarda mai kauri, na ninke ta huɗu na cusa ƙarƙashin ƙafar. Ya zauna daram. Har na kira matata Abu ta zo ta ga dabara. Ta tsaya a bakin ƙofa, hannu ɗaya a ƙugu ɗaya a kan ciki, ta ce ita dai kada abin nan ya tashi da mu. Ranar nan na sa aka kwashe duwatsun murhu daga tsakar gida aka zubar a waje.

Abu 'yar Afala ce, kuma lokacin cikinta na wata shida. A al'ada haihuwar fari gida ake zuwa, amma a wannan shekarar mace sai ta yini a bakin rijiyar Afala kafin ta cika tulu. Don haka aka yanke surukata, Inna, ita za ta zo Tawa ta zauna da ita. Kuma kowa ya san abin da ke kan miji: itacen jego. Kwana arba'in mai jego ke wanka da tafasasshen ruwa da ganye, safe da yamma, ba fashi. Namiji in matarsa ta yi nauyi, tara itace yake yi har ya kusa kai katanga, mai wucewa ya gani ya san gidan da namiji a ciki. In aka yi sakaci, tsofaffi sun ce sanyi ne zai shige ta, ta kumbura, ta yi ta jinya har tsufa. Likita ya yarda ko bai yarda ba, babu macen da za ta yi wasa da wannan, ni ma can ƙasan zuciyata ban isa ba. Ga shi itace ya yi wuya, daji ya ƙare, kuma duk wanda ya sari ɗanye ma'aikatan daji za su kama shi.

Ni ban tara ko tsinke ba. Ina da gaz.

Sau biyu ina dawowa daga biro Abu ta ce mini, "Mai motar gaz ya zo. Ya ce ka je depo ka sa hannu."

Na ce, "Na sa hannu a takardar gida gaban shaidu huɗu. Hannu nawa gare ni?"

A na biyun ta ƙara da cewa, "Ya ce fa akwai lokaci."

Na ce mata harkar takarda ba ta mata ba ce. (Allah ya yafe mini. Ita kam ta yafe, amma ba ta manta ba.) Butali ɗaya ya ƙare, na jona na biyun, na ce in ya kusa ƙarewa na leƙa depo ɗin.

Ana saura kamar sati uku ta haihu, Inna ta riga ta iso, wata Asabar da yamma ina zaune a dakalin ƙofar gida da maƙwabta sai ga wani mutumin Afala da jakuna uku, kowanne an yi masa lodin itace har ba a ganin kunnuwansa sosai. Ya yi sallama, ya ce baban Abu ne ya aiko, na jego ne. Mai hankali da ya tashi ya karɓa da hannu biyu. Ni kuwa na ga idon maƙwabta a kaina, na ji kamar tsoho na gaya wa unguwa cewa surukinsa bai iya riƙon mata ba. Na gyara tabarau.

Na ce, "Ka koma da shi. Ka ce wa Baba na gode, amma gidan nan ya wuce hayaƙi."

Mutumin ya ce, "Mushe, tun asuba nike tahe. Tsoho ya ce in sauke shi gaban ɗiyatai."

"Na ce ka koma da shi."

Ya dubi jakunansa, ya dube ni, ya juya su. Ashe Inna na cikin zaure tana ji. Kun san suruka ba ta ka-ce-na-ce da mijin ɗiyarta. Sai na ji muryarta daga ciki, da ƙarfin da zai iso dakali: "Abu, tambayi maigidanki, shi da wace wuta anka yi ma uwatai wanka?"

Ni ma na aika ta hanyar da aka aiko: "Abu, ki gaya wa Inna zamani ya canza."

Inna ta yafa mayafinta ta fito ta wuce mu, wai za ta gaida maƙwabta. Na ce a raina tsohuwa ta yi fushi, za ta huce.

Abu ta sauka lafiya, aka sami ɗiya mace. Tun daga washegari na kama aiki. Da asuba in kunna gaz da hannuna, in ɗora tukunyar da ta fi girma wadda rishon zai iya ɗauka, in tafi masallaci, daga can in shirya sai biro, don zamanin soja wanda ya makara ya san sauran. Na yamma kuwa na koya wa Inna yadda ake murɗawa. Ta tsaya taku uku daga rishon, hannuwa a baya, tana cewa to, to. Kullum in na dawo in tsuguna in gaishe ta in ce, "Inna, ya ruwan?" Ta ce, "Ruwa ya yi amfani, Allah shi yi albarka." Abu kuwa ta yi jawur, ta yi kyau, tana shan kunun kanwarta tana gumi. Na cika biro da labari, wai ni ne na fara wankan jego da gaz a ƙasarmu ta Adar. Har na ce ya kamata a faɗa a rediyo.

Ranar suna ta zo. Gwamnatin lokacin ta hana almubazzaranci a biki, don haka dabino ne da goro, rago kuma aka kai wa mahauci ya gasa a wurinsa. Aka raɗa suna da safe (ba zan faɗe shi ba, ɗiyar fari ce), aka yi addu'a. Bayan azahar sauran jama'a na nan a ƙofar gida kan tabarmi: liman, maƙwabta, abokan aikina, da surukai da suka zo daga Afala. Baba na tsakiyarsu. Na ga ya rame, rigarsa ta yi masa yawa, amma ban tsaya tunani a kai ba, don ina da shiri. Na shiga ciki na kinkimo rishon na fito da shi waje, na koma na mirgino butali, na jona. Da ya fara rawa a kan ƙasa na koma na ɗauko 'yar takardata na cusa masa a ƙafa. Na ɗora butar shayi. Na ƙyasta ashana.

Aka ce, "Ikon Allah!" Wani tsoho ya ja tabarmarsa baya.

To da na tsaya nan da sauƙi. Ina! Baki ya buɗe. Na tsaya a kan mutane da babbar rigata mai aiki, na fara bayani: cewa hamada na cinye mu ne saboda sare itace, cewa mutanen ƙauye su suka aske daji da gatarinsu sannan su zo suna kukan ba ruwa, cewa in kowa ya yi irin tawa da ƙasa ta huta. Har na ce, "Ni nan ko an kawo mini itace kyauta mayarwa nake yi." Na faɗi haka surukina na zaune taku biyu daga ƙafata. Bai ɗago ba, yana dai jan carbinsa. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Ina cikin haka sai ga wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya ta tsaya, butaloli na karo da juna a bayanta. Direban ya sauko, dogon Buzu da rawani, Sidi sunansa. Na ɗauka cikakken butali ya kawo, har na ce wa jama'a, "Kun gani, har gida ake kawo mini." Ya yi sallama, ya yi barka, ya ce Allah shi raya, aka ba shi goro ya karɓa. Sannan ya ce, cikin ladabi, "Mushe, na zo ɗaukar butali."

"Wanda ya ƙare? Yana ciki."

"Duka biyu. Wancan da wanga."

Na yi dariya irin ta manya. Na fara da Faransanci don ya san da wa yake magana, sannan na sauko Hausa: "Malam, gidan nan saye na yi, da duk abin da ke cikinsa."

Ya ce, "Gida naka na. Risho naka na. Butali na depo na."

"Ina shaida?"

Ya zaro wata takarda ruwan ɗorawa daga aljihu. "Ga tamu. Taka tana wurinka, irin wagga. Majo bai ba ka ba?"

Nan ne shaiɗan ya ja ni. Gaban liman, ranar sunan ɗiyata, na ce, "Ban taɓa ganin irinta ba."

Sidi bai yi musu ba. Idonsa ne kawai ya sauka ƙasa a hankali, ya tsaya a ƙafar risho. Idon liman ya bi nasa. Na mutanen Afala suka bi. Ga ta nan, ninke huɗu, ta sha mai da ƙura, amma ruwan ɗorawarta bai ɓoyu ba.

Ya ce, "Ba ita ce waccan ba?"

Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige, in ja ta a kaina. Wani ya ɗaga butar shayi, wani ya karkata rishon, aka zaro ta aka miƙo mini. Liman ya gyara zama ya ce, "Alhamdu lillahi, ga mai karatu a wurin. Mushe, karanta muna, ka fassara, yadda ka saba."

Na karanta. Ban taɓa jin Faransanci ya yi mini ɗaci a baki irin na ranar ba. Takardar ta ce butali biyu mallakar depo ne, an ba Majo riƙo da sunansa. Ta ce ranar da ya bar gidan yarjejeniya ta faɗi. Ta ce wanda ya shigo bayansa yana da wata uku ya je depo a rubuta sabuwa da sunansa, in bai je ba depo za ta kwashe kayanta. Duka duka layin bai kai goma ba, yaron lakwal, ɗan firamare, ma zai gane. Wata ukun kuwa sun cika shekaranjiya.

Na rage murya na ce, "Sidi, kawo in sa hannu yanzu."

Ya ce, "Sau biyu na zo, Mushe. Butali ya yi ƙaranci, mutane na jira. Waɗanga an riga an rubuta su ga gidan wani kaftin, yau zan kai."

Da aka ce kaftin, abokan aikina da nake sa ran za su sa baki duk suka koma kallon takalmansu. Sai wani dattijo daga cikin mutanen Afala, wanda na tabbata ya taɓa tsugunawa gaban teburina, ya ce da na kusa da shi, ba da ƙarfi ba amma kowa ya ji: "Mu dai jahilai dangwala mata hannu muka sani. Ba mu taɓa yi ma murhu takalmi da ita ba."

Abin da ya ƙarasa ni kirkin Sidi ne. Ya ce ba zai kashe wuta a kan shayin suna ba, a bari ya tafasa. Aka mayar da buta. Muka zauna, mutum wajen talatin, muna jiran ruwa ya tafasa a kan gurgun risho da nake riƙe da ƙafarsa da hannuna. Ban san buta na daɗewa haka ba. Da ya nuna aka zuba, aka ba Sidi kofin farko, ya sha ya yaba. Sannan ya rufe butali, ya kwance, ya shiga da izini ya ɗauko ɗayan, ya loda, ya ƙara cewa Allah shi raya, ya tafi.

Sai da ƙarar motar ta ɓace sannan abin ya faɗo mini. La'asar ta kusa. Wankan yamma. Ba gaz, ba itace, ko duwatsun murhu babu. Nan kunya ta koma tsoro, tsoro na gaske. Na ga Abu a kumbure, na ga jaririya ba mai ba ta nono, kuma duk saboda ni. Duk zamanin da nake taƙama da shi ya gudu ya bar ni. Na tattare riga na nufi inda mata ke sayar da itace, ina sauri ina tuntuɓe. Na tarar sun tashi, sai wata tsohuwa da ɗan ƙullin kara da busasshiyar kashin shanu. Na zagaya unguwa biyu. Na dawo da ƙullin karan nan a hammata, wanda ko kunu ba zai dama ba, ina lissafin in fasa kujerata da ƙyauren ɗakin baya.

Ina shiga tsakar gida na tsaya cak. Tururi ne ke tashi daga bayan ɗaki, ga ƙamshin dafaffen ganye, ga ƙarar ruwa ana fyaɗawa. Inna na tsaye a jikin katangar da ta raba mu da maƙwabciyarmu Hajiya Kulu, wata gwauruwar dattijuwa mai baki kamar reza. Ta kan katangar ake miƙo bokiti yana tururi, Inna na karɓa. Ta dubi karan da ke hammatata, ta kau da kai don kada in ga tana dariya.

Kan Hajiya Kulu ya leƙo. "A'a, Mushe mai gaz! An dawo? Zagayo ka ga abu."

Na zagaya. A tsakar gidanta ga itacen jakuna uku jibge, ga babbar tukunya na tafarfasa a kan duwatsun murhuna da na zubar. Ashe ranar da Inna ta fita gaida maƙwabta, mai jakuna ta tare a kwana ta sa ya sauke a nan. Tun ranar haihuwa da wannan wutar ake yi wa Abu wanka, safe da yamma.

Na ce, "To ruwan da nake ɗorawa da asuba fa?"

Ta ce, "Wannan ɗan ruwan? Tsummokin jaririya ake wankewa da shi. Ai Inna ta gaya maka ya yi amfani." Ta ƙara da cewa duk matan unguwa sun sani, har mazansu, har liman. Ni kaɗai ne ban sani ba, ni mai shiga rediyo. "Kwana bakwai hayaƙinku na cika mini ɗaki. Tunda gidanka ya dawo cikin masu hayaƙi, zo ka kwashe kayanka."

Haka na yi ta jigila daga ƙofarta zuwa tawa, itace a ka, babbar riga mai aiki na jan ƙasa, ta gaban mutanen da na gama yi wa huɗubar hamada. Ba wanda ya taya ni, kuma ban ga laifinsu ba. Sai sannu suke mini, wadda ta fi zagi ciwo.

A sawu na huɗu ne na lura da abin da nake ɗauka. Ba itacen daji ba ne. Gajeru ne masu kauri, sun yi sumul don gugar jiki, kowanne da zoben da igiya ta ci a wuyansa, gindinsa baƙi da ƙasa. Na kai ɗaya hanci na ji warin garke. Na san su. Na gan su a bayan gidan Baba ranar da muka je neman auren Abu, kowanne da saniya ɗaure a jikinsa.

Na sauke kayan, na cire takalmi, na tsuguna gabansa. Na ce, "Baba, waɗannan ai turakun shanunka ne."

Ya ɗago a karon farko tun safe. Ya ce, "Shanun sun tahi, ɗana, ko guda ba ta saura ba. Turke ba shi da abin riƙo. Na ce ko ya ɗumama ɗiyata, ya yi aikinai na ƙarshe." Ya ja carbi. "Kuma ka kwantar da hankalinka, ban sari ɗanye ko ɗaya ba."

Na cire tabarau, wai ƙura ta shiga mini ido. Abin da na kora daga ƙofata gaban maƙwabta ke nan, ina cewa gidana ya wuce hayaƙi. Na yi kuka a wurin, kukan gaske, kuma ban ji kunyar wannan ba.

Turakun nan su suka kai Abu har arba'in, da ɗan abin da na riƙa sayowa ina ƙarawa. Na so in ɓoye guda don tunawa, na tura shi ƙarƙashin gado. Inna ta gano shi ranar ƙarshe, ta ce wa Abu ta gaya wa maigidanta wanka kwana arba'in ne ba talatin da tara ba, ta sa shi a wuta. Rishon kuwa ya yi shekaru a ɗan ɗakinsa na siminti, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsa.

Huɗubar biro na daina ta daga Litinin ɗin da ta biyo. In tsoho ya kawo takarda, in ba shi kujera, in karanta masa da Hausa kai tsaye, in yi shiru. Ni kuma daga ranar ko takardar da aka ƙunso mini ƙosai ce sai na karanta ta ciki da bai kafin in yar. In abu ya yi gurguwar ƙafa, dutse nake sa masa. In kuwa jaki ya tsaya a ƙofata da kaya, ko mene ne a kansa, sai na sauke tukuna sannan in buɗe baki.